Irin da Na Niƙa a Inji

Tafoki, ana gab da yankan dawa.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Bishir, autana. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka ka sauka Abuja lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya, da na mutanen daji, da na direba mai gaggawa. Mahaifiyarka na gaishe ka. Ita ce ta cusa takardar can ƙasan jakarka, don na ce mata kada ka gan ta sai ka isa.

Na rubuto ne saboda ni da kai ba mu iya zama mu ƙare magana. Da na buɗe baki sai ka ce, "Baba, ba ka gane ba ne," ni kuwa da na ji wannan kalma sai raina ya ɓaci, in manta abin da na zo faɗi. Takarda dai ba ka da halin katse ta. Rubutun yaƙi da jahilci ne, idon kuma ya yi rauni, sai ka yi haƙuri da karkatattun layuka.

Maganar gonar bayan gida ce. Ka san na riga na ba Alhaji Sale mai taki kalmata a gaban shaidu, cewa da zarar mun yanke dawar da ke cikinta ta zama tasa, kuɗin kuma naka ne, ka zuba a kamfanin da za ku kafa kai da abokanka. Ba zan janye ba, ban taɓa saɓa magana ba tun ina saurayi, ba kuwa zan fara da furfura ba. Amma ita ce gona ta ƙarshe da ƙafata ke iya takawa ba tare da fargaba ba, ita ce ke cika mana rumbu. Don haka dole ka saurare ni.

Ga abin da na gane daga bayaninka ranar da muka zauna a zaure. Za ku yi wani abu a waya, manomi ya yi tambaya da Hausa kan tsutsa ko taki ko farashin hatsi, na'ura ta amsa masa kamar mutum. Ƙirƙirarriyar basira kuka ce sunanta. To, madalla. Sai na ce maka, "Ita ƙwaƙwalwar da ke ba da amsar, taku ce?" Ka ce a'a, ta wani katafaren kamfani ce a ƙasar waje, ku haya za ku riƙa yi, kowace tambaya da kuɗinta, kuma da dala. Na ce, "Wa ke yanka farashin?" Ka ce su ne. Sannan ka ƙara da cewa, "Ai yanzu da araha, Baba, kamar kyauta. Manyan attajirai ne ke ta zuba dukiya, kamfanonin na sayarwa a kan asara don su tara jama'a." Kana faɗi kana murmushi. Ni kuwa na taɓa jin wannan magana da kunnena a kasuwar Yankara, tun ba a haifi babban yayanka ba.

Kai ba ka ga shekarun da kuɗin mai ya cika ƙasar nan ba. Mun fito daga babban fari ke nan, wanda ya kashe shanu ya bushe rijiyoyi, sai kawai muka wayi gari kuɗi na yawo kamar an buɗe musu ƙofa. Wanda jiya ke tafiya ƙasa yau ga shi kan babur. Malamin firamare ya sayi rediyo mai kaset. Ana ta fasa hanyoyi, 'yan kwangila na neman leburori har gida. Malaman gona suka shigo ƙauyukanmu da motoci, suka kawo irin masara a buhu da takin zamani, takin nan kusan a banza ake ba da shi, har roƙonka ake ka ɗauka. A gabana wani ya zazzage taki a bakin hanya don buhun kawai yake so. Na tambayi wani malamin gona a Yankara yadda aka yi abu mai amfani haka ya yi araha, ya ce, "Gwamnati ce ke biyan sauran, kai dai ka kwasa." Ban tambaye shi ranar da za ta daina biya ba. Wallahi tunanin ma bai zo mini ba.

A lokacin muna gandu ne da marigayi Baba, kakanka. Ina da shanun huɗa guda biyu nawa na kaina, da kuɗin audugar da na noma a gayaunata, 'yar gonar da aka ware mini. Na je Funtuwa na ga injin niƙa yana aiki, mata sun yi layi da ƙorai, mai injin na zaune yana karɓar kuɗi yana kaɗa ƙafa. Shi ke nan, barci ya ƙaurace mini. Na dawo na sayar da shanun, na haɗa da kuɗin audugar, na sayo inji. Baba ya tambaye ni abu ɗaya tak, ya ce, "Me shika ci?" Na yi dariya na ce, "Baba, ƙarfe ne fa, ba ya cin komai." Ya ce, "To."

Ashe ya fi shanun ci. Sa kana iya kora shi daji ya cika cikinsa da kansa, ya dawo ya ba ka taki a kyauta. Inji kuwa kullum sai ka saya masa gas, da baƙin mai, bel ya tsinke, dutse ya cinye sai an kai wasawa, makanike ba ya tasowa daga Funtuwa sai ka biya masa mota da abinci. Ni kuɗin saye kaɗai na lissafa, na ɗauka daga ranar da na biya na gama. Bishir, ka zauna da abokan nan naka ku yi wa abinku tambayar Baba. Kai da bakinka ka ce injinan da ke ɗauke da wannan basira suna shan wutar da za ta ishi gari, kuma kafin a jima sun tsufa an fito da sababbi. Wani ne ke biyan wannan wuta yanzu. Ranar da ya gaji, a kanku za a juye ta. Ku lissafa abin da za ku biya in farashin ya ninka, ku ƙara da tashin dala, ku ga ko manomin Faskari da kuke sa rai zai iya ɗauka. Ni na san manomin nan, ko katin waya na ɗari biyu sai ya juya shi a hannu kafin ya saya.

Yanzu ga babbar wautata, wadda ka sha ji a bakin tsofaffin garin nan ana tsokanata da ita amma ba ka taɓa jin ta daga gare ni ba.

Muna da wata dawa a gidanmu, kaura ce mai lanƙwasasshen wuya, tun kakan Baba ake shuka ta. Ba ta neman taki, ciyawar wuta-wuta ba ta cika kayar da ita ba, in ruwa ya ɗauke da wuri takan daure ta nuna. Ba haka kawai ta zama haka ba. Duk kaka, kafin a sa wuƙa a gona, maigida ne ke shiga shi kaɗai da safe, ya bi kunya-kunya yana duba zangarniya, wadda ta cika ta yi nauyi ya yanke da hannunsa. Waɗannan ake ɗaurewa daban, a rataye su a rufin ɗakin girki inda hayaƙi zai riƙa bugunsu ya kore ƙwari. Shi ne damin iri. Ba a cin sa, ko yunwa ta kai yaya. A shekarar farin nan mun ci ganye, mun ci dusa, damin na rataye a kanmu muna ganinsa, ba wanda ya miƙa hannu. Ba a kuma sayar da shi, amma duk wanda ya zo ya roƙa, a ɗibar masa.

Ranar da injina ya iso bazara ce, kuma ranar kasuwar Yankara, Baba ya tafi tun da safe. Garin nan kaf ya taru, har daga Daudawa wasu suka tako. Makanike ya ɗaure inji, ya juya hannu, abin ya yi tari ya kama, mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa ina tsaye da sabuwar riga, kaina ya kumbura. Sai makanike ya ce a kawo hatsi a gwada, amma busasshe ƙarau, kuma mai yawa, don dutsen ya zauna. Wanda ke gidan surfaffe ne, da danshinsa. Rumbu kuwa ba mai hawansa sai da izinin Baba. Jama'a na jira, inji na ta ƙugi yana ƙona mini gas a banza, wani daga baya ya ce, "Ashe mai inji ba shi da hatsi!" aka kwashe da dariya.

Na shiga gida a fusace, na faɗa ɗakin girki, na taka turmi na yanke igiyar. Inna, kakarka, ta riƙe mini riga ta ce, "Kai Iro, kana hauka? Irin ne fa!" Na ce, "Haba Inna, wa zai ƙara shuka wannan tsohon abu? Iri yanzu a buhu yake zuwa." Na sa aka sussuke shi nan take, aka sheƙe, na ɗauka da kaina na juye a bakin inji. Gari ya fito fari tas, mai laushi. Na rarraba wa maƙwabta kyauta, ana ta sa mini albarka.

Za ka ce ai akwai dawa a rumbu da za a ɗiba a shuka. Babu. Abin da ke rumbun gero ne da dawar kasuwa da muka saya, don tun bayan farin ba mu gama farfaɗowa ba, 'yar kaurar da muka samu a kakar da ta wuce mun riga mun cinye ta. Damin nan shi kaɗai ya rage, kuma na sani sarai lokacin da nake yanke igiyar.

Baba ya dawo bayan la'asar, aka kawo masa tuwo. Ya kai loma ɗaya ya tsaya. Ya ce, "Tuwon nan na warin hayaƙi." Ya tashi ya nufi ɗakin girki, inda ban taɓa ganin ya shiga ba sai ranar rataye iri, ya ɗaga kai ya ga guntun igiya na lilo. Ya daɗe a tsaye. Da ya fito bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, ina ma ya mare ni. Ya koma ya zauna ya ce, "Iro, baɗi muka ci yau." Sannan ya cinye tuwonsa tas, don ba ya barin abinci. Har ya koma ga Allah bai ƙara tayar da maganar ba.

Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne, shekarun da suka biyo baya sai suka nuna kamar ni ke da gaskiya. Muka cika gandu da masarar buhu, muka zuba mata taki, ta yi kyan da ban taɓa gani ba. Na riƙa zama a kasuwa ina ba mutane shawara. Ka lura da wannan, Bishir, don shi ne nake jin tsoro a kanka. Farkon abin zai iya yin kyau. Za a kira ku a rediyo, za a ɗauke ku hoto, ka aiko mana da kuɗi mahaifiyarka ta zagaya gari tana nunawa. Kada wannan ya sa ka ɗauka ƙasar da kake tsaye a kai taka ce. Duk abin da wani ke biya maka rabinsa, ka riƙa kwana da shirin ranar da zai daina.

Injin ma bai daɗe shi kaɗai ba. Duk wanda ya ga layi a ƙofata ya je ya lissafa abin da na lissafa. Kafin ka ce me, an kafa wani a bakin masallaci, wani a hanyar Daudawa, wani a gidan mai unguwa, alhali matan garin ba su ƙaru ba, tuwon da ake ci ma bai ƙaru ba. Muka shiga karya wa juna farashi. Wannan ya rage, ni ma in rage, har muka koma niƙa a kan abin da bai kai kuɗin gas ba, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara mutuwa. Sai wani attajiri daga Ƙanƙara ya kawo sabon samfuri, mai sauri, mai ƙarancin shan mai, yana niƙa yana ba da gyara, don shi ko ya yi shekara yana asara ba zai ji ba. Matan da suka yi mini guɗa su ne suka riƙa wuce ƙofata da ƙorai a ka, suna gaishe ni da kyau.

Na tambaye ka ko akwai masu yin irin abinku, ka ce akwai da yawa, amma naku ya fi iya Hausa. Ayya, Bishir. Nawa injin ma ya fi laushin gari. In ƙofar da kuka shiga a buɗe take ga duk mai kwamfuta da ɗan jari, to gobe za ku waiga ku ga ɗari a bayanku. Kuma shi mai ƙwaƙwalwar da kuke haya, me zai hana shi ya koya mata Hausar da kansa, ya ba manoma kai tsaye, ya tsallake ku? Da na yi maka wannan tambaya ka ce kasuwarmu ta yi masa ƙanƙanta. Haka na ce game da attajirin Ƙanƙara.

Daga nan sai kuɗin man ya janye. Ba wanda ya yi shela, kawai dai abubuwa suka fara ɓacewa. Taki ya koma sai mai hanya, sai an yi layi a sakatariya, a raba buhu ɗaya tsakanin mutum da yawa. Masarar buhu kuwa in ba taki, sai ta tsaya iya gwiwa ta yi rawaya tana kallonka. In ka ɗebi iri daga cikinta ka mayar, baɗi ta ba ka abin kunya, dole ka koma ka saya. Kayan inji da ake kawowa daga waje suka yi wuya, abin da nake saya da kuɗin kaza ya koma kuɗin akuya. Ga ba shanun huɗa, ga ba takin gida tunda ba shanun, ga ƙasa ta saba da na zamani ta ƙi komai sai shi, ga ba kaurarmu. A daidai wannan tsakani Baba ya rasu, yana cin tuwon dawar kasuwa.

A nan na yi wautar da ta fi ba ni haushi har yau, don ta farko ƙuruciya ce, wannan kuwa taurin kai ne zalla. Injin ya tsaya, makanike ya ce sai an sauya masa wani babban ƙarfe a ciki. Mai hankali da ya sayar da shi a yadda yake ya sayi ko ɗan maraƙi. Ni sai na ce yaya za a yi in bari bayan duk abin da na zuba? Me mutane za su ce? Na sayar da gayaunata na gyara shi. Ya yi 'yan watanni ya sake tsayawa. Na sayar da tumakin da na gada. Ina zubawa ina cewa wannan ne na ƙarshe. Gangar jikinsa ita ce wadda ka taso kana gani a bayan ɗakin awaki, kaji na ƙwai a ciki.

Don haka ga abin da nake roƙonka, kuma roƙo ne, ba umarni ba. Tun yau, tun kana da sanyin kai, ka yanke wa kanka iyaka. Ka raba kuɗin gonar nan, ka ware wani kaso ka sa inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba, kada abokanka ma su san da shi. In abin da ka zuba ya ƙare kuma kamfanin bai tsaya da ƙafarsa ba, ka tashi ka kaɗe rigarka. Za su ce maka saura ƙiris, za su ce masu zuba jari na nan tafe wata mai zuwa. Su masu zuba jarin, ai ka ce sun ce sai kun fara sa naku tukuna. Ka gane ma'anar wannan? Su a wurare da yawa suke warwatsa kuɗinsu, in tara sun mutu ɗaya ya rayu sun ci riba. Kai kuwa gona ɗaya gare ka, kuma ka riga ka sa ta.

Sauran labarin dawar, don kada ka ce ta ina aka samo wadda ke bayan gida. Shekaru bayan rasuwar Baba, ina dawowa daga Sabuwa a kan keke, na ratsa ta unguwar Maguzawa, sai na hango wata gona, dawa ta sunkuyar da wuya irin yadda na sani. Na sauka daga keken. Gonar Baba Nomau ce, wani dattijo abokin Baba tun suna samari. Na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi inda ya samo wannan iri. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne ɗan Malam, mai injin nan, ko?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ubanka ya ɗibar mini da hannunsa, tun kana goye." Na ce ya sayar mini ko tiya ɗaya. Ya ɓata rai ya ce, "Yau na ji ɗan banza! A gidanku aka koya maka sayen iri?" Da kaka ta yi ya aiko mini da zangarniya zaɓaɓɓu, ɗan aiken ya ce Baba Nomau ya ce a tambaye ni, shukawa zan yi ko niƙawa. Na yi dariya a gaban ɗan aiken, da ya tafi na shiga ɗaki na yi kuka kamar yaro.

Ka ga, ba dabarata ce ta dawo da ita ba. Baba ne ya ba wani kyauta, Allah Ya sa wanin ya riƙe. Tun daga shekarar ban ƙara fashin shiga gona in zaɓi iri ba, da ita na ciyar da ku duka, da ita aka biya maka makarantar da ka koyo kwamfutar.

Ban san mene ne iri a sana'arku ba, kai ka sani. Ko muryoyin manoman da ka ce kuna tarawa ne, ko amanar da za su ba ku, ko abin da ke cikin kanka wanda ba haya ka yi ba. Ko mene ne, ka nemo shi, ka rataye shi inda ba za ka taɓa shi ba ranar da jama'a suka taru suna jiran ka nuna musu abin mamaki. Ranar za ta zo. Wani mai kuɗi zai ce ku ba shi wannan ɗin ya ƙara muku jari, abokanka na kallonka, ana ta sauri. Ni a irin wannan rana na taka turmi.

Za ka ce, to Baba, tunda ka san duk wannan, me ya sa ka yarda ka sayar? Na yi ta tambayar kaina. Gaskiyar ita ce ba ni da abin da zan ce maka ka zauna dominsa. Gonakinmu na nesa sun koma daji, rabona da su tun da mutanen dajin nan suka fara sa wa manoma haraji kafin su yi girbi. Yayyenka duk sun watse birni. In na ce ka tsaya ka yi noma, a ina? In tura ka gona in zauna ina jiran a kira ni a waya a nemi kuɗin fansa? Na duba gabas na duba yamma ban ga abin da zan riƙe ka da shi ba. Shi ya sa na ba ka, ba don na yarda abin zai yi ba. Ban yarda ba, Bishir, zuciyata ba ta ba ni ba ko kaɗan. Ina ganin yadda ake rububin abin nan, kowa na gudu da kuɗinsa kada a bar shi a baya, sai in ga kasuwar Yankara a waccan shekara. Ina roƙon Allah Ya ƙaryata ni, in zama tsohon da bai gane ba kamar yadda kake faɗi. Ba abin da zai fi mini daɗi.

Baba Nomau ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa kuma sun tashi daga unguwar tasu tun da aka fara shigar musu, ba wanda ya san inda kowa ya nufa. Na yi cigiya a Yankara, na yi a Daudawa, ban ji mai sauran kaurar nan ba. Iyakar sanina, wadda ke tsaye a bayan gidanmu yanzu ita ce ta ƙarshe. Alhaji Sale kuwa ya riga ya faɗa mini masara zai zuba, ba laifinsa ba ne, gonarsa ce.

In ka zazzage jakarka za ka ga wani ƙulli a cikin tsumma, yana warin hayaƙi. Daga damin bara na ɗibar maka. Na san ba ka da inda za ka shuka shi a Abuja, ni ma daga bana ba ni da shi. Duk da haka in an zo yanka zan shiga da safe in zaɓa kamar kullum, in ɗaure, in rataye. Mahaifiyarka ta tambaye ni, "Malam, a wace gonar za a zuba?" Na ci gaba da ɗaure ƙullinka.

In abin ya yi, ka nemi ko 'yar ƙaramar gona ka saya kafin irin ya mutu, don ba ya wuce 'yan shekaru a ajiye. In bai yi ba, ka dawo gida, kada kunya ta riƙe ka a birni. Ba zan ce maka ai na faɗa ba. Baba bai ce mini ba.

Allah Ya tsare ka a inda ka sauka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da abokin da zai zuga ka. Allah Ya sa gonar nan ba a banza ta tafi ba. Ka riƙe salla, ka riƙa kiran mahaifiyarka ko ba ka da abin aikowa, ita muryarka take so. In za ka zo, kada ka biyo hanya da yamma. Ka gaishe da abokan naka, ka ce ina sa musu albarka duk da ban san su ba.

Ƙullin nan ka sa shi inda ba danshi. Kuma don girman Allah, ko me ya faru, kada ka ci shi.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Malam Iro.